Cire mahaifa ta ƙananan huji: aikin da ake yi a ciki da abin da ke biyo baya

Matar da aka cire wa mahaifa ta hanyar huji, in ta farfaɗo ta ɗaga riga, filasta uku ko huɗu za ta gani, kowacce ba ta wuce kan ɗan yatsa ba. Ɗaya a cibiya, sauran a mara, hagu da dama. 'Yan dubiya su leƙa, su ce ashe ma aikin ba wani babba ba ne. Daga wannan maganar ake fara samun matsala, domin abin da aka yanke a ciki shi ne dai wanda ake yankewa in an tsaga ciki. Jijiyoyin jinin su ne, igiyoyin da ke riƙe da mahaifar su ne, babban ɗinkin kuma yana can saman farji inda ido ba ya kaiwa. Abin da aka rage shi ne ɓarnar da ake yi wa fata da naman ciki kafin a isa ga mahaifar. Ragin yana da yawa, shi ya sa zafin ya fi sauƙi, zaman asibiti ya fi gajarta, ciwon kuma bai cika ruɓewa ba. Amma fata takan riga ciki warkewa da makonni.

Likitoci na kiran hanyar laparoskofi. Mutane da yawa suna cewa "tiyatar leza", alhali a mafi yawan lokuta babu leza a cikinta. Kamara ce siririya mai fitila, da wasu dogayen kayan aiki masu kamar tsinken tsire, waɗanda ke kama nama, su ƙone jijiya da wutar lantarki, su yanke. Likitan da ya fara cire mahaifa ta wannan hanya shi ne Harry Reich, a jihar Fensilbeniya ta Amurka a 1988, ya kuma wallafa bayanin aikin a 1989. Kafin nan hanya biyu ce kawai: a tsaga ciki, ko a ciro mahaifar ta farji ba tare da an taɓa ciki ba. Ta biyun nan har yau ita ce ƙungiyar likitocin mata ta Amurka take cewa a fara dubawa in za ta yiwu, sai huji, sannan tsaga ciki a ƙarshe. Ana yawan mantawa da wannan jerin, saboda huji ne ke da na'ura da talabijin, shi ke burge mutane.

Kafin maganar hanya, akwai maganar ko ya kamata a cire ɗin. Abin da ya fi kai mata ga wannan tiyata shi ne ƙarin mahaifa, wanda ake kira faibirod, kuma ya fi yawa a tsakanin mata baƙar fata, ya fi saurin fito musu, ya fi girma. Sai zubar jini mai yawa da ya ƙi jin magani, sai ciwon mara mai tsanani sakamakon naman cikin mahaifa da ya kutsa cikin bangonta ko ya fita wajenta, sai kansa. In ba kansa ba ce, kusan ko da yaushe akwai abin da za a iya gwadawa tukuna: ƙwayar tiranekzamik mai rage jini, robar Mirena da ake sa wa a mahaifa, ko a cire ƙarin a bar mahaifar ga mai son haihuwa. Mahaifa in ta fita ta fita ke nan. Matar da ke da sauran burin haihuwa, ko da a ƙasan zuciya ne, gara ta faɗa tun a ɗakin ganin likita.

Sai kuma a fayyace me za a cire, don nan ma ana samun ruɗani. Mahaifa daban, bakin mahaifa daban, bututun ƙwai guda biyu daban, gidan ƙwai guda biyu daban. In likita ya ce za a cire "duka", a yarensu yana nufin mahaifa da bakinta, bai haɗa da gidan ƙwai ba. Bututun ƙwai yanzu an fi son a haɗa da su, saboda an gano cewa mafi munin kansar da ake danganta wa gidan ƙwai sau da yawa daga bakin bututun take farawa, kuma ba su da wani aiki bayan mahaifa ta tafi. Gidan ƙwai kuwa magana ce mai zaman kanta, za mu dawo kanta. Kowace daga cikin waɗannan ya kamata a rubuta ta a takardar amincewa da sunanta, kuma matar da kanta ta ji ta fahimta, ko da maigida ne zai biya kuɗi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Matar da ta yi shekara biyu tana zubar da jini takan zo da ƙarancin jini, kuma likitoci a Nijeriya sun fi son ganin PCV, wato gwajin yawan jini, ya kai 30 ko sama kafin a shiga ɗakin tiyata. Ana ɗaga shi da ƙwayar ƙarin jini ko allurarsa ta jijiya. Wani lokaci akan ba da allurar gosirelin sau ɗaya a wata har wata uku, wadda ke tsayar da al'ada na ɗan lokaci, jini ya taru, ƙarin kuma ya ɗan motse. Mai ciwon suga sai an daidaita sugan, in ba haka ba ɗinki ba ya kamawa da kyau. Mai shan asfirin, wafarin ko wani maganin tsinka jini ta faɗa, haka ma mai shan jiƙe-jiƙe da haɗe-haɗen gargajiya. Akwai gwaji biyu da tsallake su ke jawo nadama. Na farko duba bakin mahaifa. Kansar bakin mahaifa ita ce ta biyu a yawa a tsakanin matan Nijeriya, kuma in aka yi wa mai ita cirewa irin ta yau da kullum ba tare da an sani ba, an yanka ta tsakiyar cutar ke nan. Na biyu ɗebo ɗan naman cikin mahaifa a auna, ga duk wadda ta haura 45 tana zubar jini ba bisa ƙa'ida ba, ko ta ga jini bayan al'ada ta ɗauke. Ranar aiki, ana barin abinci awa shida kafin lokaci, ruwa zalla kuma awa biyu.

A ɗakin tiyata, barci ake sa ta gaba ɗaya, a sa mata bututun numfashi. Allurar baya da ake yi wa masu haihuwa ba ta wadatarwa a nan, saboda za a cika ciki da iska a kuma karkatar da gado. Ana ba da maganin rigakafin ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya kafin yanka, yawanci sefazolin giram 2. A ɗaga ƙafafu a kan mariƙi, a sa robar fitsari don mafitsara ta zauna a motse. Sai a shigar da wani ƙarfe ta farji zuwa cikin mahaifa, mai ɗauke da wani abu kamar ƙaramin kofi da ke rufe bakin mahaifar. Mataimakin da ke zaune tsakanin ƙafafu shi ke riƙe da shi, yana juya mahaifar duk inda likita ya ce. Aikin wannan mutumin ba ya fitowa a talabijin, amma lafiyar bututun fitsari na hannunsa, kamar yadda za a gani.

Huji na farko shi ne mafi haɗari, don shi kaɗai ake yi ba tare da kamara tana ciki ba. Wasu na soka wata allura mai kariya a baki ta cibiya su hura iska, wasu na tsaga cibiyar kaɗan su shiga da ido. Iskar kabon dayokzaid ce, kimanin lita uku ko huɗu, a riƙe matsinta a 12 zuwa 15 na ma'aunin makyuri. An zaɓe ta ne don ba ta kama wuta, jini kuma yana shanye ta da sauri ta fita ta huhu. Matar da aka taɓa tsaga wa ciki daga cibiya zuwa ƙasa, hanji kan manne a bayan tabon, don haka sai a kauce, a shiga ta ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, kamar santimita uku daga ƙashin. Kamara na shiga, sauran hujin biyu ko uku masu faɗin milimita 5 ana yin su ne ana kallo. Daga nan a karkatar da gadon, kai ƙasa ƙafa sama, hanji ya gangara wajen ƙirji, mara ta buɗe.

Likitan kirki ba ya fara yanka sai ya nemo bututun fitsari biyu. Waɗannan su ne ke sauko da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara, kaurinsu bai fi na taliya ba, kuma ana gane su ta bayan tantani saboda suna motsi kamar tsutsa. Sai a fara daga sama: a ƙone igiyar da ta ɗaure mahaifa da gefen mara, a yanke, a raba mahaifar da gidan ƙwai in za a bar shi, ko a ɗaure jijiyar da ke ba shi jini in za a cire. A buɗe tantanin gefe. A zo gaba, a ɓamɓare mafitsara daga jikin bakin mahaifa, a tura ta ƙasa. Ga wadda ba a taɓa yi wa aiki ba, wannan wurin yana rabuwa da sauƙi kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Ga wadda aka yi wa tiyatar haihuwa sau biyu ko uku, mafitsarar ta riga ta manne da tabon, kuma a nan ne aka fi huda ta.

Sai jijiyar jinin mahaifa, ɗaya a kowane gefe. Nan ne zuciyar aikin. Bututun fitsari yana ratsawa ta ƙarƙashin wannan jijiya, tazararsa da bakin mahaifa santimita ɗaya da rabi zuwa biyu kacal, wato faɗin yatsa guda. In mataimaki ya tura mahaifar sama da ƙarfi, kofin nan ya ɗaga, jijiyar ta miƙe, bututun ya zame gefe, tazarar ta ƙaru. In ya yi sanyin hannu ko ya gaji, tazarar ta tsuke, likita na ƙona jijiya zafin na isa ga bututun. Zafin na'urar ba ya tsayawa iya inda bakinta ya kama, yana yaɗuwa 'yan milimitoci zuwa gefe. Abin da ke sa ƙuna ta fi yanka sharri shi ne ba a ganinta nan take. Bututun da aka yanke zai zubo da fitsari a gani a gyara. Wanda ya ƙone kuwa zai yi kamar lafiya lau, a rufe ciki, a sallami mace, sai bayan kwana biyar, bakwai, har sati biyu wurin ya mutu ya ɓule. Haka ma hanji in wuta ta lashe shi. A hannun ƙwararru, raunin bututun fitsari bai kai mace ɗaya cikin ɗari ba. Amma wadda abin ya faɗa wa, a gida zai same ta, shi ya sa dole ita da masu jinyarta su san alamunsa.

Jini na tsayawa, mahaifar takan sauya launi ta yi fari-fari. Sai a bi gefen kofin a zagaye saman farji da yanka, mahaifar ta rabu, a jawo ta ta ƙasa. Abin da ya rage buɗaɗɗen saman farji ne, a ɗinke shi da zare mai narkewa, ko daga ciki da kamara ko ta ƙasa. Ɗinkin nan yana son a kamo nama mai kauri, kusan santimita guda daga baki, saboda bakin ya sha wuta, kuma kamara tana ƙara wa abu girma, likita ya ɗauka ya kamo da yawa alhali ɗan kaɗan ya tsinto. A ƙarshe a rage iska a duba ko akwai inda ke tsiyaya, don matsin iskar kansa yana danne ƙananan jijiyoyi ya ɓoye jini. Wasu likitocin kan leƙa mafitsara da wata kamarar su tabbatar fitsari na fitowa ta kowane bututu. Duk hujin da ya kai milimita 10 sai an ɗinke naman ƙarƙashinsa, in ba haka ba hanji na iya leƙowa ta nan daga baya ya zama kaba. Aikin kan ɗauki awa ɗaya zuwa uku. In ya tafi daidai, jinin da aka zubar ba ya cika kofin shayi.

Mahaifa mai lafiya ba ta fi santimita bakwai zuwa takwas ba, nauyinta bai kai giram 100 ba. Mahaifar da ƙari ya cika kuwa tana iya kai kilo ɗaya, biyu, ko fiye, kuma mata da yawa a nan ba sa zuwa asibiti sai ciki ya kai kamar na wata biyar ko shida. Likitoci ma da makonnin ciki suke auna ta. Irin wannan mahaifa tana rufe wa kamara hanya, tana ture bututun fitsari daga mazauninsa, kuma ba za ta fita ta farji a dunƙule ba. Sai an yayyanka ta. A da ana amfani da wata na'ura mai juyawa da ke fere naman a cikin ciki ta zuƙo shi sili-sili. A watan Afrilun 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a kanta, ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin 350 da ake yi wa aiki saboda ƙari tana ɗauke da wata ɓoyayyar kansa ta naman mahaifa, wadda na'urar ke watsawa cikin ciki. Likitoci da dama sun ce adadin bai kai haka ba, an kuma yi ta muhawara. Inda aka tsaya shi ne, in za a yi amfani da na'urar to a cikin jaka ta musamman, kuma ba ga wadda ta daina al'ada ko ta haura 50 ba, ba kuma ga wadda ake zargin kansa ba. Da yawa yanzu sukan sa mahaifar a jaka, su jawo bakin jakar ta farji ko ta ɗan faɗaɗa hujin cibiya, su yanka da wuƙa da hannu.

Kansa ma ba duka ɗaya ba ce. Ga kansar cikin mahaifa da ba ta yi nisa ba, manyan bincike sun nuna huji da tsaga ciki sakamakonsu ɗaya ne, huji kuma ya fi sauƙin jinya. Ga kansar bakin mahaifa labarin ya sha bamban. Binciken da ake kira LACC, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna cewa bayan shekara huɗu da rabi, kashi 86 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa ta huji ne cutar ba ta dawo musu ba, alhali a waɗanda aka tsaga wa ciki kashi 96.5 ne. Tun daga nan manyan cibiyoyin kansa suka koma tsaga ciki ga wannan cuta. Duk wanda ya ce wa mai kansar bakin mahaifa huji ya fi don shi ne na zamani, a nemi ra'ayin wani likitan.

Wani abin da ke tayar wa mata hankali shi ne layin da ke cikin takardar amincewa cewa ana iya komawa tsaga ciki a tsakiyar aiki. Wasu na ɗaukarsa a matsayin dabarar ƙara kuɗi, wasu alamar likita bai iya ba. Gaskiyar ita ce jini na iya ɓallewa, ko a tarar hanji ya manne ko'ina, ko a kasa ganin bututun fitsari. Likitan da ya ajiye kamara ya ɗauki wuƙa a irin wannan hali ya yi abin da ya dace. Wanda ake jin tsoro shi ne mai naci, wanda zai yi awa biyar yana ƙone-ƙone a wurin da ba ya gani don kada a ce ya kasa. Wani babban bincike da aka yi mafi yawansa a Birtaniya, aka wallafa a 2004, ya sami manyan matsaloli a kashi 11.1 na masu huji da kashi 6.2 na masu tsaga ciki. Sai dai ya lissafa komawa tsaga ciki a cikin matsalolin, kuma a lokacin likitoci da yawa suna kan koyo ne. Darasin da aka ɗauka daga ciki shi ne wannan aiki ya dogara da yawan yin sa. Don haka ba rashin kunya ba ne mace ko mijinta su tambayi likita sau nawa yake yin irinsa a wata, da wa ake kira in mafitsara ko hanji ya samu rauni. A asibitocinmu a ƙara da tambayar ko akwai janareta a kunne lokacin aiki, da tukunyar iska ta ajiya, da jini a tanade, domin wuta in ta ɗauke kamara ta mutu, likita ya makance da kayan aiki a cikin mutum. Inda babu waɗannan, da muguwar rawa gara ƙin tashi: tsaga ciki a hannun wanda ya saba ya fi huji a hannun ɗan koyo. Masu fita Masar ko Indiya kuma su lura da kwanakin nan da ƙuna ke ɗauka kafin ta bayyana, kada a hau jirgi kwana uku bayan aiki, ga kuma haɗarin daskarewar jini a ƙafa saboda dogon zama.

Bayan an farfaɗo, abin da ke ba mata mamaki shi ne ciwon kafaɗa, musamman ta dama. Ragowar iskar ce ke taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, jijiyarsa kuma tana da alaƙa da kafaɗa. Yana wucewa cikin kwana ɗaya zuwa uku, tafiya na rage shi. Maƙogwaro kan yi kaushi saboda bututun numfashi. Robar fitsari akan cire a ranar ko washegari. A tashi a taka tun ranar, ko da zuwa bayi ne, don jini kada ya daskare a ƙafa ya tafi huhu. Akan kwana ɗaya ko biyu a asibiti, wasu wuraren ma a ranar ake sallama. Salla a zaune a kwanakin farko ta fi sauƙi, har sunkuyo ya daina ja. Magungunan kashe zafi irin su tiramadol da kodin suna ɗaure ciki, yunƙuri a bayi kuma yana matsa ɗinki, don haka a yawaita ruwa, ganye, gwanda da kankana.

Ƙa'idar jinyar mai sauƙi ce: kowace rana ta fi jiya. In mace ta fara samun sauƙi sai kuma ta juya, a koma asibiti a ranar, kada a tsaya kemis. Alamun haɗari su ne zazzaɓi da ya kai digiri 38, ciki ya kumbura ya yi tauri, amai, rashin fitar tusa, ciwo a kwiɓi ɗaya ta baya, raguwar fitsari, ruwa mai zarni yana zuba ta farji ba tsayawa, jini mai jiƙa audugar mata cikin awa guda, kumburin ƙafa ɗaya, ko numfashi sama-sama. A wurinmu haɗarin shi ne duk zazzaɓi maleriya ce ko taifod, sai a yi kwana uku ana shan maganinsu alhali hanji ne ya ɓule. Ruwan da ke zuba ba tsayawa kuwa yoyon fitsari ne, irin wanda aka sani ga masu doguwar naƙuda, kuma yana gyaruwa. Mafitsarar da aka ga hujinta a lokacin aiki ma ɗinke ta kawai ake yi, a bar roba sati ɗaya zuwa biyu.

Ɗinkin saman farji shi ne wanda ake yi wa ganganci. Zaren da aka fi amfani da shi, irin Vicryl, yana rasa kusan rabin ƙarfinsa a sati na uku, ya narke gaba ɗaya wajen wata biyu zuwa sama kaɗan. Ke nan akwai lokacin da zare ya yi rauni nama kuma bai gama haɗewa ba, kuma daidai lokacin ne mace ke jin ta warke, filasta ta faɗi, 'yan taya aiki sun koma gidajensu. Jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce. Daka, ɗaukar yaro mai shekara uku, jan guga, duk a bari har sati shida. Kwanciyar aure ita ce kan gaba wajen farke wannan ɗinki, kuma in ya farke hanji na iya saukowa ta farji, wanda aikin gaggawa ne. Abin bai fi mace ɗaya cikin ɗari ba, amma ya fi faruwa bayan huji fiye da sauran hanyoyin. Mafi ƙaranci sati shida, likitoci da yawa sukan ce takwas zuwa sha biyu, kuma sai an duba an ga wurin ya haɗe. Wannan bayani a gaban maigida ya kamata a yi shi, daga bakin likita, don matar ita kaɗai ba koyaushe take iya kare kanta ba, musamman inda ake rabon kwana. Matsi, tsarki da ruwan magani a ciki, zama cikin ruwan zafi, da duk wani kayan mata da ake cusawa, babu su a wannan lokaci. Ɗan jini-jini ko ruwa mai launin ƙasa na makonni kaɗan daga ɗinkin yake fitowa, ba al'ada ba ce.

Akwai tambayoyin da ba a cika yi da ƙarfi ba, sai an kusa fita daga ofis a ce, "Likita, wai ramin da aka bari fa?" Babu rami. Mahaifa ba ta fi ƙaramin mangwaro ba, hanji ne ke sauka ya cike wurin, saman farji kuma a rufe yake ruf kamar ƙasan aljihu. Maniyyi ba ya shiga ciki, yana fitowa ne kamar yadda ya saba. Tsawon farji bai cika canzawa yadda za a lura ba, kuma jin daɗi mafi yawa daga waje da ƙofar farji yake, inda wuƙa ba ta je ba. Matan da jini da ciwo suka hana sakewa shekara da shekaru, da yawansu sukan ce abin ya fi da. Wasu na neman a bar musu bakin mahaifa don wannan dalili. Wani bincike da aka yi a asibitocin Landan, aka wallafa a 2002, ya kwatanta waɗanda aka bar wa da waɗanda aka cire wa, bai ga bambanci ba a kwanciyar aure, ko fitsari, ko bayan gida. Wadda aka bar wa kuma dole ta ci gaba da gwajin kansar bakin mahaifa, wasu ma sukan ci gaba da ganin ɗan jini duk wata.

Gidan ƙwai shi ke riƙe da abin da mata ke tsoron rasawa. Shi ke samar da sinadaran da ke kula da ƙashi, da zuciya, da danshin farji. In an bar shi, al'ada za ta tsaya don babu inda jini zai fito, amma jiki zai ci gaba da zagayensa, wata ma ta ji nono ya yi nauyi a lokacin da ta saba. Yana iya yin ritaya da ɗan wuri fiye da yadda zai yi, amma ba nan take ba. In aka cire duka biyun ga mai shekara 38, cikin kwanaki za ta fara jin zafi na taso mata, gumin dare, rashin barci, bushewa, ga haɗarin raunin ƙashi da ciwon zuciya nan gaba in ba a ba ta maganin maye gurbi ba. Shi ya sa ga wadda ba ta kai daina al'ada ba, ba ta da kansa, ba ta da gadonta a dangi, ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne a bar lafiyayyen gidan ƙwai. "Tunda an shiga a kwashe duka" ba hujja ba ce. Ƙiba kuma da ake jingina wa aikin, yawanci daga makonnin kwanciya da kunun jinya take zuwa.

Abu na ƙarshe yakan faru ne tun matar na barci. A asibitoci da yawa akan miƙo wa dangi abin da aka ciro a cikin roba, a ce su kai ɗakin gwajin nama. Wasu su ga kuɗin ya yi yawa bayan na tiyata, wasu su ga sashen jikin mutum ne, binnewa ya kamata. Wannan gwajin ne kaɗai zai tabbatar ƙarin ƙari ne kawai, ko akwai kansa a ɓoye da ke buƙatar ƙarin magani, kuma hoto ko idon likita ba sa maye gurbinsa. A tabbatar naman ya nutse cikin ruwan fomalin, maganin da ke hana nama ruɓewa, kada a sa shi a firiza ko ruwan gishiri, a rubuta suna da lambar kati a jikin robar, a karɓi rasit. Sakamakon kan fito cikin sati biyu zuwa huɗu, a tafi da shi ranar komawa ganin likita.